Kwanon Tokar Buvi

Margilan,
Ranar Talata, tsakiyar watan Satumba.

Zuwa ga ƙanwata Sayyora, a ƙasar Koriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan gaisuwa ce daga yayarki Muhayyo, gaisuwar da ta daɗe tana taruwa a raina, sai yau na samu zama na sauke ta a takarda. Ina fata za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Ilhom da yaranmu Munisa da Javlon. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sauƙaƙa muku doguwar tsayuwar nan ta masana'anta, Ya sa sanyin bana ya zo muku da sauƙi, Ya kuma tsare ku daga sharrin baƙunta, amin.

Mu nan sai godiya. Maigidana Tolib gwiwa ta matsa masa, likita ya hana shi hawa keke zuwa kasuwa, yana ta ƙorafi kamar an raba shi da ɗansa na fari. Inabin tsakar gida ya yi 'ya'ya bana har sai da muka ƙara wa rumfar sanda biyu don kada ta rufto mana a ka. Mahaifiyarmu Onajon jikinta da ƙarfi, tana ci tana sha, tana fita shan hantsi da ƙafarta, amma ƙwaƙwalwar tana ta zamewa. Wata rana ta san ni sarai, har ta yi mini faɗa kan gishirin miya. Wata rana kuma ta tambaye ni ko ni ce sabuwar ma'aikaciyar jinya da aka turo musu, alhali rabonta da aikin jinya a asibiti shekara ashirin da biyar ke nan.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa, tunda duk Juma'a muna magana a waya. To, a waya da zarar na ga fuskarki sai in kama tambayarki abin da kika dafa da yadda makarantar yara take, har lokaci ya ƙare ban faɗi abin da ke raina ba. Maganar da zan yi miki doguwa ce, kuma akwai inda ba zan iya faɗa ina kallon idonki ba. Ki nemi wuri ki zauna, ki zuba shayi.

Kin tuna littafin nan mai koren bango, na yarinya Sanobar mai saƙa iska a masaƙarta? Wanda Baba ya tsinto cikin littattafan da makaranta ta zubar? To, sun mayar da shi shirin talabijin mai dogon zango, kashi arba'in, ana nunawa duk Lahadi bayan la'asar. Ranar da na ga tallarsa ina tsaye da ludayi a hannu, sai da na nemi kujera. Nan take na ganmu a ɗakin baya lokacin kiwon tsutsar siliki, mun gama zuba musu abincinsu, ganyen bishiyar tut, hannuwanmu duk danƙo, mun kwanta rub da ciki a kan tabarma. Ƙarar cin ganyen nan nasu kamar yayyafi a kan kwano, ni ina karantawa ke kina gyara mini duk inda na tsallake, don kin haddace shi. In za mu yi wasan kwaikwayo kullum ke ce Sanobar, kina ɗaura ɗankwalin siliki na atlas na Onajon a kafaɗa, ni kuma dole ni ce Tsohuwar Kan Dutse, ina dogara sandar share tanderu. Na sha yin fushi kan haka, kika ce ai ni ce babba, tsufa ya fi kusa da ni.

Kuma kin tuna shafukan ƙarshe babu su, wani ya yage su tun kafin littafin ya zo hannunmu. Muka damu kakarmu Buvi da tambaya, ita da ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa ba. Ta saurari labarin tana tsince shinkafa, sannan ta ce ai ƙarshensa a fili yake: tsohuwar ta gaji, ta koya wa yarinyar abin da ta sani, ta sauko daga dutsen ta je ta shuka kankana. Muka ce wannan ba ƙarshen labari ba ne, ina yaƙin, ina sarkin? Ta ce mu jira mu girma, za mu ga yawancin labarai haka suke ƙarewa. To, na ga ƙarshen nasu a talabijin makon jiya. Yaƙi aka yi, dutsen ya tsage, tsohuwar ta mutu cikin wuta. An kashe dukiya wurin haɗa shi, amma ni dai na Buvi ya fi kwanta mini.

Ba zan ce shirin bai yi kyau ba. Birnin masaƙa da suka gina kamar yadda na riƙa ganinsa a kaina ne, har da kwalekwalen da ke ratsa kasuwa. Yarinyar da ta fito a Sanobar ta iya, tana da irin kallon nan naki na taurin kai, kuma ranar da ta fara jan zaren iska daga taga sai da tsigar jikina ta tashi. Amma Sayyora, abin da suka yi wa tsohuwar nan bai dace ba. Tsohuwar da muka sani mai doro, mai tari, wadda tsummokaranta ke warin hayaƙi, sun mayar da ita wata zankaɗeɗiyar mace mai baƙar riga har ƙasa, da farata zaƙo-zaƙo, walƙiya na fita daga tafin hannunta. Akwai wani zaure a waya inda masu son shirin ke cacar baki a kansa, waɗanda suka karanta littafin a gefe guda, waɗanda ba su karanta ba a ɗaya gefen. Ni da shekaruna hamsin da huɗu na shiga na rubuta musu cewa da waɗannan faratan ko albasa ba za ta iya yankawa ba, balle ta karɓi haihuwa. Wani ya amsa mini da cewa, gwaggo, je ki duba miyarki kada ta ƙone. Tolib ya yi kwana uku yana tsokanata da wannan magana, duk na shigo ɗaki sai ya ce ya miyar.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yata Charos ta dawo hutu daga Tashkent farkon watan Yuli. Kin san saura mata shekara guda ta gama karatun haɗa magunguna. Ta dawo ta rame, ba ta son magana, ta kuma zo da wani ɗan akwati da take kullewa. Wata safiya na shiga share ɗakinta na tarar ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur, ta jera kyandira kala-kala, da wasu duwatsu masu ƙyalli, da busassun furanni a kwalabe, da kati masu zanen wata da takubba da mutum a rataye. Da na tambaye ta, ko ɗar ba ta yi ba, ta ce ita da ƙawayenta su takwas suna da ƙungiya, suna kiran kansu mayun zamani. Wai duk sabon wata suna haɗuwa a ɗakin ɗaya daga cikinsu, su kunna kyandir, kowacce ta rubuta abin da ke damunta a takarda ta ƙone, su buɗe wa juna kati. Ta ce shirin nan ne ya haɗa su, a zauren wayar suka san juna, kuma a duniya yanzu mata da yawa suna yi, ba abin kunya ba ne.

Ban ji sauran bayanin ba. Kalmar nan ɗaya ce ta tsaya mini a kunne. Na ga ranar da kika dawo daga makaranta jini na zuba a girarki, yaran layin masu rini sun jefe ki da dutse suna waƙar jikar mayya. Na ga yadda mata ke janye 'ya'yansu in Buvi ta wuce a hanya da rana, su ɗin da za su zo su durƙusa a gabanta in jaririnsu ya ƙi nono. Sunan da muka yi shekaru muna gudu, wanda ya sa kika daina bin layin nan har kika bar garin, shi ne 'yata ta ɗauka ta maƙala a ƙirji kamar lambar yabo. Na kwashi katin nan, na fita tsakar gida, tanderu na ci don ranar gasa gurasa ce, na watsa su ciki. Ban yi alfahari da abin da na yi ba, amma haka aka yi. Charos ba ta yi kuka ba. Ta tsaya ta kalli wutar, sannan ta ce, “Shekara biyu ina kasa barci a garin can, ban taɓa jin kin tambaye ni me ke damuna ba, sai dai ko na ci jarrabawa. Su waɗannan da kike ƙyama, su ne suka tambaye ni.” Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Kwana tara ba ta yi mini magana ba in ban da gaisuwa, kuma ta gaya wa babanta da hutu ya ƙare ta tafi ke nan, ko ta gama karatu a can za ta nemi aiki.

Cikin kwanakin nan tara na yi ta tunanin Buvi. Ke kina ƙarama lokacin da aikinta ke a fili, ni na fi ki gani. Ba ta taɓa kiran kanta da wani suna ba. Mace za ta zo ta ce an yi mata baki, ko kanta ya yi nauyi, ko zuciyarta na bugawa. Buvi ta kwantar da ita a kan gadon katako na ƙarƙashin inabi, ta debo toka mai ɗumi daga murhu a ɗan kwanon shayin nan na tangaran mai shuɗin baki, ta rufe shi da farin ƙyalle ta ɗaure ta ƙasa. Sai ta riƙa dangwala shi a goshin matar, da ƙirji, da bayan wuya, tana bismillah tana faɗin kalmominta ƙasa-ƙasa, tana ta hamma har hawaye su zubo mata. In ta buɗe ƙyallen ta ga tokar ta lotsa ta gefe, sai ta ce to ga shi nan ya fita, ta zubar a gindin bishiyar tut. Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne, duk wannan bai wuce ɗan lokaci kaɗan ba, amma matan sai su kai awa biyu a gidan. Bayan tokar akwai shayi, kuma a kan shayin ne ake jin wadda mijinta ke duka, da wadda ɗanta ya tafi soja ba wasiƙa, da wadda ta yi ɓari na uku. Buvi ba ta cika ba da shawara ba, sai dai ta ce, ina jin ki, 'yata, ci gaba. In ciwon ya fi ƙarfin toka kuma, ita da kanta take cewa a tafi asibiti wurin 'yarta Saodat, wato Onajon.

Kin kuma san abin da ya biyo baya, ko da yake a gidanmu ba a taɓa zama an yi maganarsa ba. Shekarar da hukuma ta tasar wa masu irin wannan aiki, aka kira taro a wurin aikin Onajon, aka ce ko ta tashi ta nesanta kanta da abin da uwarta ke yi, ko ta ajiye farar rigarta. Baba ya riga ya rasu, mu biyu muna makaranta. Ta tashi a gaban mutum sama da ɗari ta ce uwarta jahila ce mai yaudarar mata da toka. Kafin ta iso gida labari ya riga ta. Ina zaune na ga Buvi ta zuba mata shinkafar osh, ta zaɓo mata tsoka mafi kyau ta ɗora a kai, ta tura mata farantin. Daga ranar mata suka koma shigowa ta ƙofar baya, Onajon kuma in ta ji motsinsu sai ta ƙara ƙarar rediyo. Haka suka zauna shekara shida a gida ɗaya, suna gaisawa, suna cin abinci tare, har Buvi ta kwanta ciwon ajali. Kwana biyu kafin ta cika ta kira ki, ta ɗora kwanon a tafin hannunki ta rufe da nata, ta ce ta ba ki hannu, wato ta bar miki gadon aikinta. Kina da shekara goma sha bakwai. Kika ajiye shi a kan katifa kika fita da gudu kina kuka, kina cewa ba kya so. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da butar alwala.

To, ranar Lahadi, kwana na goma da faɗanmu da Charos, lokacin shirin ya yi. Duk da ba ma magana, ba ta iya haƙura da shi, ta fito ta zauna can ƙarshen tabarma. Onajon na kan kujerarta, kwana huɗu ke nan ba ta haɗa jimla guda ba, sai kallon bango. Kashin da Sanobar ta faɗi ba lafiya ne aka kai ta kan dutse. Matar nan mai farata ta ɗaga hannu sama, iska ta taso, walƙiya ta sauko a kan yarinyar. Sai kawai muka ji muryar Onajon, tar da ita, irin muryarta ta da can in tana yi wa ƙananan ma'aikata faɗa: “Wannan ƙarya take yi. Ba haka ake yi ba. Ko taɓa yarinyar ba ta yi ba. Ina tokar?” Muka kalli juna. Ta juyo ta dubi Charos tun daga sama har ƙasa, ta ce wannan yarinyar ma an yi mata baki, dubi idonta, a kawo mata kwanon uwarta. Tolib ya ce a kawo kowane kwano mana, ai ba za ta gane ba. Na kawo na kicin, ta ture shi, ta ce mai shuɗin baki take nufi, kada a raina mata hankali.

Sayyora, ga maganar da ba zan iya faɗa a waya ba. Bayan sadakar bakwai ɗin Buvi kin zo kin same ni a kicin, kika tambaye ni a hankali ina kwanon nan yake. Na ce miki ya faɗi ya fashe a hayaniyar zaman makoki, na share na zubar. Kika ce shi ke nan, wataƙila haka ya fi. Ƙarya na yi miki. Kwanon bai fashe ba. Ni na ɗauke shi daga kan katifar a ranar da kika gudu, na naɗe shi a ƙyallensa na cusa a ƙasan akwatin barguna na aure, kuma a nan yake shekara talatin da uku. Na daɗe ina gaya wa kaina don in raba ki da abin da kike tsoro na yi. Ba haka ba ne. Haushi na ji. Ni ce nake debo mata toka, ni nake wanke ƙyallen, ni na san kalmomin tun ina shekara tara don ina laɓewa bayan rumfa ina saurare. Ta tsallake ni ta ba ki, ke da ba kya so. Ban taɓa amfani da shi ba ko sau ɗaya, ban ma iya buɗe shi ba. Na dai hana ki, a daidai ranar da kika dawo da niyyar karɓa. Na ga hakan a fuskarki, na yi kamar ban gani ba.

Na tashi na je na ɗaga barguna na ɗauko shi. Ƙyallen ya koma ruwan ƙasa, amma kwanon lafiyarsa ƙalau. Onajon ta karɓa da hannu biyu, ta aike ni tanderu in debo toka, ta ce mai ɗumi ba mai zafi ba. Ta ce wa Charos ta kwanta. Na zaci yarinyar za ta ƙi, sai na ga ta zo ta ɗora kanta a cinyar kakarta kamar 'yar shekara biyar. Matar da ta yi shekara shida tana ƙara ƙarar rediyo, matar da yanzu ba ta tuna ko ta karya kumallo, ta ɗaure ƙyallen nan da ƙulli irin na Buvi, ta fara. Ban ji ta yi kuskuren kalma ɗaya ba. Goshi, ƙirji, bayan wuya, tana hamma hawaye na bin kuncinta. Ashe duk shekarun nan tana ji. Charos ta fara kuka a hankali, daga baya ta saki jiki ta yi shi sosai, irin wanda ban ga ta yi ba tun tana ƙarama. Onajon tana shafa mata kai tana cewa, ina jin ki, Sayyorajon, ci gaba. Da sunanki ta yi ta kiranta har ta gama.

Da ta buɗe ƙyallen ta ga tokar ta lotsa, ta ɗago kai don ta miƙo mini in zubar. Sai ta tsaya tana kallona. Kin san kowa na cewa tun da furfura ta fito mini na koma Buvi sak, ga shi ranar na ɗaura farin ɗankwali. Na ga fuskarta ta sauya, ta koma kamar ta yarinyar da ta yi laifi. Ta kama bakin rigata, ta kira ni yadda take kiran uwarta, ta ce, “Ona, na tashi a gaban mutane na ce ke maƙaryaciya ce. Yara biyu gare ni, ban san yadda zan yi ba. Kika zuba mini nama, ban iya haɗiye shi ba. Kin yafe mini?” Tolib ya tashi ya fita waje. Ni kuma na rasa abin yi, don ba ni aka yi wa laifi ba, kuma ba ni da izinin yafewa a madadin wadda ke kabari. Amma na tuna yadda aka zaɓo tsokar nan aka ɗora. Na durƙusa na riƙe hannunta na ce, “Tun a ranar na yafe miki, Saodat. Ki ci abincinki.” Ta yi ajiyar zuciya, ta ce to, alhamdu lillahi. Can kuma ta tambaya ko an ba kaji ruwa. Washegari ba ta tuna kome ba, amma ta ci abinci da yawa, kuma tun daga ranar ta daina yawon nan da take yi daga ɗaki zuwa ɗaki kamar mai neman wani abu. Ban sani ba ko daidai na yi. Ina roƙon Allah in kuskure ne Ya yafe mini.

Ni da Charos mun zauna a ranar a ƙarƙashin inabi har rana ta faɗi. Na ba ta haƙuri kan katin, ba don na yarda da su ba, sai don yadda na yi. Ta gaya mini abubuwan da ban sani ba: ƙawarta ta ɗaki da ta rasu a haɗarin mota a shekararsu ta biyu, da yadda numfashinta ke sarƙewa in ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, da yadda take jin kunyar faɗa mana don muna ta alfahari da ita a unguwa. Ni kuma na ba ta labarin Buvi tun daga farko, har da tabon girarki. Ba ta taɓa ji ba, laifina ne, na ɓoye mata ina ganin gata nake yi mata. Ta ce ita ta ɗauka sunan nan ado ne, ba ta san an taɓa zubar da jinin wani a gidanmu saboda shi ba. Daga baya mun je tare wurin Malama Mukarrama mai koyar da mata karatu a unguwa. Ta ce buɗe kati neman sanin gaibu ne, Charos ta bar shi har abada. Toka kuwa toka ce, ba ta warkar da kowa, Allah ke warkarwa, amma zama da mai damuwa a saurare shi a yi masa addu'a babu malamin da zai hana. Ta kuma ce a kai yarinyar wurin likita kan numfashin nan, mun kai ta, tana samun sauƙi. Ba zan ce miki ta bar kome da kome ba. Duwatsunta na nan a taga, ƙawayenta na nan, kuma har gobe tana musu da ni wai matar nan mai farata ta fi tsohuwar littafi kwarjini. Ta koma Tashkent makon jiya, da alkawarin za ta zo hutun sanyi.

Kafin ta tafi ta roƙe ni in ba ta kwanon, in kuma koya mata kalmomin. Na ce mata kalmomi zan iya, amma kwano ba nawa ba ne, yana da mai shi a Koriya. Shi ya sa na rubuto. Na farko, ina neman gafararki kan ƙaryar da na yi miki da abin da na hana ki. In kin yi fushi kina da gaskiya, ki yi, zan jira. Na biyu, ki faɗi yadda za a yi da shi. In kina so in ajiye miki, yana nan a kan kanta, na daina ɓoyewa. In kin ce a ba Charos, sai ki ba ta da hannunki, ba da nawa ba. In ma kin ce a mayar da shi kwanon shan shayi, ba mai ce miki don me.

Na uku shi ne mafi girma. Shekara bakwai ke nan rabonki da gida. Na san halin takardu da na aiki, ban taɓa matsa miki ba, yau dai zan matsa. Likita ya ce abin da ke tafiya daga kan Onajon ba ya dawowa, kuma tafiyar ta ƙara sauri. Sunana yakan ɓace mata, na Tolib ya daɗe da ɓacewa, naki ne bai taɓa faɗuwa daga bakinta ba. Ki zo kafin sanyi ya shiga, ko na mako biyu ne. Rumman zai nuna a lokacin, zan kuma rataye miki inabi a ɗakin baya ya jira ki.

Ki gaishe mini da Ilhom, ki ce ina yi masa godiya kan maganin gwiwar da ya aiko wa Tolib. Ki sumbaci Munisa da Javlon, ki gaya wa Munisa na ga hoton rigar da ta ɗinka, hannunta ya faɗa. Tolib na gaishe ku, haka Charos, haka maƙwabciyarmu Gwaggo Hojar da kullum sai ta tambaye ni ko har yanzu kina tsoron tsutsar siliki in ta hau miki hannu. Onajon na zaune kusa da ni yanzu tana tsince wake. Na ce mata wasiƙa nake rubuta miki, ta ce in gaya miki ki sa rigar sanyi in za ki makaranta.

Abu ɗaya nake roƙonki in Allah Ya kawo ki. Wataƙila ta gane ki tun daga bakin ƙofa, wataƙila kuma ta kira ki da sunan wata, ko ta nemi wani abu a wurinki da ba ke ya kamata ki bayar ba. Kada ki gyara mata. Ki amsa kawai, ki zauna kusa da ita.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
yayarki Muhayyo.